Abin da Ɗalibai Suka Rubuta a Kan Dakta Suwaiba

A sashen horar da malaman kimiyya na jami'ar, babu wanda ake buga misali da shi kamar Dakta Suwaiba Mannir. 'Yar Mada ce, ɗiyar manomin gero da dawa, ta kuma kammala digirinta na uku tun ba ta cika talatin da biyar ba. Ba ta taɓa makara aji ba. Kowane kwas aka ba ta, tana kai shi ƙarshe saura sati biyu jarrabawa, kuma sakamakon ɗalibanta ne ke fara isa teburin shugaban sashe. In sabon malami ya zo, shugaban, Farfesa Istifanus Elisha, yakan nuna masa ƙofar ofishinta ya ce, "In kana son ganin yadda ake aiki, ka riƙa duban wannan."

Shi ya sa da aka ce kowane sashe ya ji ra'ayin ɗalibai a kan malamansu, ita Farfesa ya ɗora wa aikin. Aka raba fom ga 'yan aji uku da aji huɗu, ba suna ba lamba. Malamai ma aka ba su nasu daban. Tambayoyin ba su da yawa: wane ne malami nagari a ganinka, me ya sa, kuma wane hali ne ke ɓata malami.

Ranar Litinin da hantsi ta rufe ofis ta fara da na malamai. Su goma sha bakwai ne, kuma bakinsu kusan ɗaya: zurfin ilimi, bincike da wallafa, gama manhaja a kan lokaci, kame kai a gaban ɗalibai. Mutum sha ɗaya sunanta suka rubuta. A gurbin halin da ke ɓata malami kuwa, wasu sun rubuta, "Wanda zai ɓata awa guda a kan abu ɗaya." Ba su kama suna ba, amma kowa a sashen ya san da Malam Attahiru ake.

Malam Attahiru mutumin Bungudu ne, tsohon malamin sakandare da ya shigo jami'a da digiri na biyu ya tsaya a nan. Shekara tara ba a ƙara masa girma ba. Kullum daga Bungudu yake zuwa a kan tsohon babur, da jakar buhu cike da kwalabe da gwangwanaye. A bayan idonsa abokan aiki kan kira ajinsa kicin.

Sai ta jawo na ɗalibai, guda ɗari da arba'in da biyu. Tun ba ta kai rabi ba ta daina murmushi. Casa'in da takwas Malam Attahiru suka zaɓa. Sunanta ya fito sau da yawa, amma a ɗaya gurbin. Wasu sun fara da Turanci, da abin ya cika musu ciki suka koma Hausa a ƙasan takarda.

"Dakta Suwaiba ta san abu, amma da allo take magana, ba da mu ba."

"In ta ce akwai tambaya, kafin ka ɗaga hannu ta wuce."

Wani kuma ya rubuta, "Na ci A a kwas ɗinta. Yau ko za a yanka ni ba zan iya bayanin abin da na rubuta a jarrabawar ba."

Ta kwashi takardun ta nufi ofishin Farfesa, ranta a ɓace. Ya karanta biyar ko shida, ya cire tabarau ya yi dariya.

"Dakta, ɗalibai ne fa. Wanda zai ba su labari su yi dariya suke so. Ki haɗa mana alƙaluma kawai, ki bar surutun nan a cikin durowa."

"Ni ma haka na gani, Farfesa," in ji ta. "Ai majinyaci ba shi ke zaɓar wa kansa magani ba."

Ta fito hankalinta ya kwanta. Ta san abin da ta sani, kuma ba ɗan aji uku ne zai koya mata aikinta ba.

A wannan satin ne aka fara zagayen duba 'yan aji huɗu da aka tura makarantun sakandare koyarwar gwaji. Ranar Laraba Tsafe ta faɗo mata. Ƙarfe bakwai da rabi tana tasha, don duk mai bin hanyar yana so ya je ya dawo kafin la'asar. Ɗalibin da za ta duba shi ne Rabi'u Muktar, ɗan 'Yankuzo, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin makinta. Ta same shi a bakin aji cikin fararen kaya masu guga, takardar shirin darasi a hannu, komai a tsare.

Aji ɗaya ne na babbar sakandare, ɗalibai sun kai sittin. Ta zauna a bencin ƙarshe. Darasin ranar shi ne asid da bes, wato sinadarai dangin tsami da dangin kanwa. Rabi'u ya gaishe su, ya juya ya fuskanci allo, ya fara rubutu yana karantawa da Turanci mai sauri. Rubutunsa mai kyau ne, babu kuskure ko ɗaya. Da ya cika rabin allo ya waiwayo.

"Akwai tambaya? Babu. Mu ci gaba."

Daga inda take zaune Dakta Suwaiba ta ga wata ɗaliba a layi na uku ta fara ɗaga hannu, ta kai shi daidai kafaɗa, ta mayar. Ta ga biyu a gefen taga sun kifa kai. Sauran suna ta kwafa, wasu suna leƙen littafin na kusa da su don ya goge sama kafin su kai. Sau huɗu ya tambaya ko akwai tambaya, sau huɗu ya amsa wa kansa. Ya gama darasin saura minti uku a buga ƙararrawa.

Ta miƙe ta ce wa ajin da Hausa, "Wa zai faɗa mini abu ɗaya a madafin gidansu da yake asid?"

Suka riƙa duban juna. Ta sake tambaya. Wani ya duba littafinsa ya karanto mata ma'anar asid da Turanci, kalma bayan kalma.

A takardarta ta rubuta arba'in da takwas cikin ɗari. Ta kira Rabi'u gindin wata bishiyar bedi a bayan ajin, ta fara zayyana masa: ya ba ɗalibai baya, ya yi gudu, bai jira amsa ba, bai kawo misali ko ɗaya daga abin da suka sani ba. Yana tsaye hannuwa a baya, yana saurare har ta gama.

"Malama, ki gafarce ni," ya ce. "Wallahi ban gane inda na kuskure ba."

"Duk abin da na lissafa maka ba ka ji ba?"

"Na ji. Amma littafina na aji biyu na ɗauko, na kwas ɗinki. Ga shi." Ya zaro shi daga jaka ya miƙa mata da hannu biyu. "Na ga ke aka fi yabo a sashe, sai na ce in na yi yadda kike yi ba ni faɗuwa. Har gefen allon da kike tsayawa, nan na tsaya."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da ta dubi fuskarsa ta ga da gaske yake neman a nuna masa. Ta buɗe littafin. Jerin darasin nata ne, misalan nata ne, har kalmomin da takan ja wa layi biyu ya ja musu. Ta daɗe tana juya shafuka ba don tana karantawa ba.

"Nawa na samu, Malama?"

Ta ninke takardar makin ta sa a jaka. "Ban ba ka maki ba tukuna. Zan dawo Laraba mai zuwa."

A mota tana komawa Gusau, an matse ta tsakanin wata mai buhun barkono da wani ɗan sanda mai gyangyaɗi, abu ɗaya ke ta yi mata yawo a kai. Shekara shida tana koyarwa, yau ce rana ta farko da ta zauna a bencin ƙarshe ta ga ajinta.

Washegari Bungudu. Ɗalibar da ke can Gloria Nathaniel ce, wadda mahaifinta ke sayar da kayan gyaran babur a Gusau, a nan aka haife ta, Hausarta kuwa ba ka raba ta da ta 'yan gari. A kwas ɗin Dakta Suwaiba C ta samu, da ƙyar. Da yake manhajar makarantun ɗaya ce, darasin ma ɗaya ne da na jiya.

Tun daga nesa ta ji hayaniyar ajin. Ta shiga ta tarar an raba ɗalibai gida shida, kowane gida da kofunan roba uku. Gloria na zagayawa da jarkar zoɓo marar sukari tana zuba musu. A kan tebur ga lemon tsami a yanke, ga jiƙaƙƙiyar kanwa, ga ruwan toka.

"Kofin farko ku matsa lemo. Na biyu ku zuba kanwa. Na uku kada a taɓa shi. Kuma duk wanda ya sha mini zoɓo zai share aji."

Aka yi dariya. Can sai surutu ya canza. Kofin lemo ya ƙara ja ya yi haske, na kanwa ya rine ya koma duhu mai ratsin kore. Ɗalibai suka riƙa ɗaga kofuna suna nuna wa juna. Gloria ta bar su suka gama mamaki, sannan ta ce, "Wa ya taɓa ganin Inna ta jefa kanwa a miyar yakuwa? Don me take yi?"

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta tsaya tana dubansu har shirun ya fara yi wa Dakta Suwaiba tsawo. Sai wata daga baya ta ce a hankali, "Don ta kashe tsami."

"Maimaita da ƙarfi, kowa ya ji. To abin da Innarki ke yi ke nan, shi za mu rubuta yanzu da sunansa na littafi."

Darasin bai tafi sumul ba. Da aka zo rubuta lissafin haɗuwar sinadaran Gloria ta yi kuskure a allo, ta goge, ta sake yin wani. Wani ɗalibi ya tambaye ta me ke cikin zoɓon da ke sa shi canza launi, ta ce za ta bincika ta faɗa masa. Aka buga ƙararrawa ba ta kai kashi biyu cikin uku na abin da ta shirya ba. Amma da Dakta Suwaiba ta yi musu tambayar da ta yi a Tsafe, hannuwa suka tashi: tsamiya, lemo, nono mai tsami, ruwan koko da ya kwana.

Da suka fito ta ce, "Wa ya koya miki wannan na zoɓo?"

"Baba Attahiru, Ma."

"Lissafin fa? Kin san kin yi kuskure sau biyu."

Gloria ta sunkuyar da kai. "Na sani, Ma. Da shi ba mu kai wurin ba, zango ya ƙare. A ajinki aka yi, ni kuma..."

"Faɗi mana."

"Ban gane ba tun ranar farko. Kuma ina jin tsoron in tsayar da ke."

Dakta Suwaiba ta karɓi biro ta zauna da ita a kan dakalin ofishin malamai, suka bi lissafin layi layi. Cikin minti ashirin Gloria ta yi uku da kanta ba kuskure.

Tunda tana Bungudu, kuma ta san ranar Alhamis Malam Attahiru ba shi da aji, sai ta tambayi gidansa. Mai babur ya kai ta har ƙofa. Ta shiga ta gaisa da maiɗakinsa, Hajiya Lantana, aka kawo mata fura, sannan aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda Malam ke zaune yana gyaran wata tsohuwar fitilar gas.

"Dakta da kanta? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malam. Sakamakon fom ɗin nan na zo in faɗa maka kafin taro. Kai ɗalibai suka zaɓa, da rata mai yawa. Ni kuma ina cikin waɗanda suka fi kuka da su."

Ta yi zaton zai yi murna, ko ya yi kawaici irin na manya. Sai ya ajiye fitilar ya goge hannu.

"Sun zaɓe ni don ba su san abin da na hana su ba," ya ce. "Ke kin san ban taɓa gama kwas ba. Mutane na cewa jinkiri ne halina. Rabi gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, babukan ƙarshen nan da anka ƙaro, masu lissafi, ban karance su a zamaninmu ba. In na hango su tafe sai in ƙara jan ƙafa a kan wanda na iya, har zango shi ƙare. Shekara tara ina wannan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

"Me ya sa ka faɗa mini?"

"Don kin taso tun daga Gusau kin faɗa mini naki."

Ta ba shi labarin Rabi'u da littafinsa. Ya saurara yana gyaɗa kai, bai yi dariya ba.

"Malam, so nake in riƙa zama a ajinka."

"Ki zo. Amma ba wani sirri za ki gani ba. In na yi tambaya nakan ƙirga goma a zuci kafin in sake buɗe baki, shi ke nan. Wajen bakwai wani zai yi magana. Ni ma ina da roƙo. In za ki yi babukan nan, ki bar mini kujera."

Laraba ta koma Tsafe kamar yadda ta yi alkawari, amma tun ranar Asabar ta kira Rabi'u a waya suka shirya darasin tare. Ta ce masa, "Abin da ka kwaikwaya a wurina, rabinsa ka riƙe, rabi ka zubar. Zan nuna maka wanne ne wanne." Ya yi darasin yana tuntuɓe, yana mantawa ya juya wa allo, yana tunawa ya dawo. Ta ba shi sittin da biyar.

Ranar taron sashe malamai suka cika ɗakin. Da aka zo kan batun fom, Farfesa Istifanus ya ce Dakta za ta karanto alƙaluma a taƙaice. Ta miƙe ta karanta su. Sannan ta zaro wasu takardu daga jaka.

"Farfesa, da izininka zan karanta abin da suka rubuta. Na kaina kawai zan karanta, na kowa yana cikin ambulan da sunansa, in ya so ya duba."

"Dakta, mun yi magana a kan wannan."

"Mun yi, kuma na yarda da kai a ranar. Na canza ra'ayi."

Ta karanta guda goma, da murya ɗaya, ba ta tsallake masu zafin ba. Wani babban malami ya ce in aka biye wa ɗalibai, gobe su za su riƙa rubuta wa kansu jarrabawa. Wani ya ce jami'a ba firamare ba ce, wanda bai gane ba ya tafi laburare.

"Ban ce duk abin da suka faɗa daidai ne ba," in ji ta. "Akwai wanda ya rubuta malami nagari shi ne mai ba da maki, wannan na ajiye shi gefe. Kuma abin da muka rubuta mu ma gaskiya ne, wanda bai san abu ba ba zai koyar da shi ba. Amma mu malamai muke horarwa. Na je Tsafe na ga ɗalibina ya koyar da mutum sittin daidai yadda na koya masa, ba wanda ya fita da komai. Ni na ba shi A. In akwai wanda ke ganin nasa ɗaliban ba haka suke ba, mota na tashi ƙarfe bakwai da rabi, ya je ya zauna a baya."

Sai ta kawo buƙatarta: kwas ɗin aji biyu na zango mai zuwa a haɗa mata shi da Malam Attahiru, su koyar tare. Farfesa ya dubi Malam.

"Malam, da saninka?"

"Da sanina, ranka shi daɗe. Ni na fi ta buƙata."

Farfesa ya juya biro a hannunsa. "Zango ɗaya," ya ce. "In ba ku gama manhaja ba, kowa ya koma inda yake." Da aka tashi, ambulan bakwai aka ɗauka, goma suka rage a kan tebur. Na Farfesa yana cikin waɗanda aka ɗauka.

Zangon bai zo da sauƙi ba. Sun yi saɓani a kan lokaci fiye da sau ɗaya, ita tana duban agogo, shi yana duban fuskoki. Sati na tara suka iso babukan lissafi. Ta yi darasi biyu yana zaune a layin gaba da sabon littafi, yana rubutu tare da 'yan shekara ashirin. A na uku ta miƙa masa alli ta koma baya ta zauna.

Ya fara da kyau. Ya yi layi huɗu, a na biyar ya tsaya. Ya goge, ya sake, ya ja da baya yana duban allon. Ɗalibai tamanin suna kallonsa.

"To, jama'a," ya ce, "na maƙale."

Dakta Suwaiba ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga wani ɗalibi a tsakiyar aji, wanda tun farkon zango ba ta taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu. Ta koma ta zauna.

"Baba, kamar a layi na uku ne. Ba a raba da biyu ba."

Malam Attahiru ya duba, ya bi layin da yatsa. "Mi ne sunanka?"

"Bashiru."

"Taso, Bashiru, ka gyara muna."

Ya fito yana jan riga, ya karɓi allin, ya gyara layi na uku, sauran suka warware da kansu har ƙasa. Malam ya sa aka ba da wani misalin, ya yi shi shi kaɗai daga farko har ƙarshe, amsa ta fito daidai. Suka gama kwas ɗin ranar Alhamis ta ƙarshe kafin jarrabawa, ba su bar babi ko ɗaya ba.